Ƙofar Kabuga a Bakin Mutanen Zangon Kumasi

Bakano da ya tashi yana shiga birni ta ƙofa yana fita ta ƙofa, idan motar da ta ɗauko shi daga Akara ta wuce gindin tsaunukan Nkawkaw, ta ratsa Konongo, ta iso Ejisu, zai soma zuba ido ko ya hango abin da zai shaida masa cewa ga Kumasi nan, amma ba zai ga ganuwa ba, ba kuwa zai ga ƙofa ba. Gidaje ne kawai suke ƙara matsuwa, motoci suna ƙara cunkushewa, har mutum ya tsinci kansa a tsakiyar gari. Sarakunan Ashanti ba su kewaye babban birninsu da bango ba, domin kurmin da ke zagaye da shi, da dakarunsu, da masu tsaron da suke girkewa a kan manyan hanyoyi sun ishe su kariya. Saboda haka ban kawo a raina cewa a wannan gari zan yi doguwar magana a kan ƙofar gari ba, ballantana a ce ƙofar tamu ce ta Kano.

Biki ne ya kai ni, na dangin mahaifiyata da suke zaune a Aboabo tun zamanin kakanni. Daga Aboabo zuwa Asawase, zuwa Sabon Zango da Alaba da Yalwa, Hausa ce harshen ciniki da na gaisuwa, ko da mai maganar Bamoshe ne ko Badagombe ko Bazabarme. Da aka watse daga ɗaurin aure, mai masaukina ya ce ba zai yiwu in zo daga Kano in koma ban gai da wani dattijo da ake girmamawa a unguwar ba, wanda ya gaji fataucin goro iyaye da kakanni. Mun same shi bayan la'asar a ƙofar shagonsa, zaune a kan buzu, ga kwando a gabansa an shimfiɗe shi da ɗanyen ganye. Yana ɗaukar goro ɗaya bayan ɗaya, ya juya shi a tafin hannu, ya shafa bayansa da babban yatsa, idan ya ga ɗigon sankara ya jefa shi a wata ƙwarya, idan lafiyayye ne ya mayar da shi cikin 'yan uwansa, fari a gefe guda ja a gefe guda. Bai daina wannan aiki ba har muka gama gaisawa, sa'annan ya zaɓo farar ƙwarya guda ya miƙo mini.

Ya tambaye ni unguwarmu a cikin birni, na faɗa masa. Sai ya ce, "Ɗana, Ƙofar Kabuga tana nan?"

Na ce, "Baba Alhaji, ka taɓa zuwa Kano ke nan?"

Ya ce bai taɓa taka ƙasar Kano ba, ko da zai tafi aikin hajji daga Akara jirginsu ya tashi. Amma kakansa ta wannan ƙofa ya fito yana saurayi, yana kora jakunan ubangidansa a cikin ayarin Gwanja, kuma bai sake komawa ba har ya rasu. Abin da tsohon ya riƙa maimaita wa jikokinsa shi ne cewa ayari ba ya tashi daga cikin birni. Tun da sauran rana ake fitar da kaya da dabbobi a sauka a bayan ganuwa, domin da zarar an kira magariba Sarkin Ƙofa zai rufe, ba mai shiga ba mai fita sai gari ya waye. A nan bayan gari ake kwana ana jiran sauran fatake su hallara, a nan mata da ƙanne ke kawo guzuri su yi sallama, kuma wanda yake da sauran magana da iyalinsa sai ya gama ta kafin a tura ƙyaure.

Hanyar da ya lissafa mini ita ce hanyar da aka sani a tarihi. Ayari yakan nufi yamma, ya ƙetare Kwara ta wajen Yawuri ko Busa, ya ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu, ya biyo ta Sansanin Mango ko Yandi, ya sauka a Salaga, babbar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja. Madugu ne shugaba, jagaba yana gaba yana neman zango da mashaya, kuma tafiyar watanni ce zuwa, watanni dawowa. Suna kai kanwa da turkuɗi da jan fata da busasshiyar albasa, su dawo da goron da aka tsinko daga wannan kurmi na Ashanti. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi shahara da wannan fatauci, kuma cinikin ya girmi dukkansu, domin tsohon kundin tarihin sarakunan Kano ya ambaci buɗe hanyar Gwanja tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ne ya tarwatsa kasuwar, fatake suka bazu zuwa Kete Karachi da Kintampo da Atebubu, daga baya kuma, bayan Turawa sun karya ikon Ashanti, suka gangaro Kumasi da Akara. Cikin waɗanda wannan guguwa ta ɗauka har da Alhaji Umaru, babban malamin nan haifaffen Kano da ya rasu a Kete Karachi a 1934. Alhassan Ɗantata ma, mutumin Bebeji, a wannan ƙasa ya yi fataucin goro kafin ya koma Kano ya shiga harkar gyaɗa. Duk wanda ya kalli zangunan Ghana da kyau zai gane cewa wani sashe na asalinsu yana komawa ga ƙofofin yamma na birnin Kano, kuma a ganina wannan ya ba mutanen zango haƙƙin su tambayi halin da ƙofofin suke ciki.

Amsar tambayar tasa ba gajera ba ce, shi ya sa na fara masa daga tushe. Ganuwar Kano, wadda mu mutanen gari muka fi kira badala, an soma ta ne a zamanin Sarki Gijimasu, tsakanin 1095 da 1134, aka ci gaba da ita bayansa. Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta lokacin da ya gina fadar da ake zaune a cikinta har yau, ya kuma kafa Kasuwar Kurmi. Ɓangaren da Kabuga take, na baya ne. A zamanin Sarki Muhammadu Nazaki, a farkon ƙarni na 17, Sarki ya fita yaƙi ya bar Wambai Giwa a gida, shi kuwa Wambai ya nemi abin da zai faranta wa ubangidansa idan ya dawo, aka ba shi shawarar ya ƙara wa birni faɗi. Shi ya ja bango ta wajen Gadon Ƙaya da Dukawuya da Kabuga har zuwa Kansakali, kuma kundin tarihin ya ba da labarin ɗimbin abinci da shanun da yake fitarwa kowace safiya domin ciyar da masu aikin. Wannan bayani na ciyarwa ya fi komai jan hankalina a duk labarin, saboda yana nuna cewa tun asali bangon nan da hannun jama'a aka tashe shi, kuma wani mai iko ne ya ɗauki nauyin cikinsu.

Ƙofar irin ta da ba ta yi kama da waɗanda ake gani yanzu a bakin manyan tituna ba. Doguwar mashiga ce mai duhu da ta ratsa kaurin bango, an yi mata rufi da azarar giginya, faɗinta bai wuce na raƙumi mai kaya ko jaki da mangalarsa ba. Da gangan aka matse ta, kuma da gangan aka tura wasu ƙofofin ciki, bango ya fito dama da hagu, yadda duk wanda ya tunkaro da mugun nufi zai kasance a tsakanin kibau daga ɓangare biyu. Ƙyauren katako ne mai kauri, wasu an lulluɓe su da fata, wasu da faranta da ƙusoshin ƙarfe na maƙeran gari. Daga waje akwai rami mai zurfi da aka cika da sarƙaƙiya, daga ciki kuma akwai tudun da mayaƙa ke tsayawa. Da tubali aka yi ginin, wato curin ƙasa da ake mulmulawa da hannu a shanya a rana, a jera shi a cikin kwaɓaɓɓiyar ƙasa, kuma ramukan da aka haƙo ƙasar su ne suka zama kududdufan da suke shanye ruwan damina. Kowace ƙofa tana da sarkinta, mai gida a kusa da ita, wanda ya san baƙo ya san ɗan gari, yana karɓar abin da aka ɗora wa kayan fatake, yana kuma aika labari fada idan ya ga abin da bai yarda da shi ba.

Da na zo kan shekarar 1903 sai dattijon ya ajiye goron da ke hannunsa. A ranar 3 ga Fabrairu ta wannan shekara sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka iso Kano, alhali Sarki Alu yana Sakkwato. Sun fara gwada wata ƙofa da igwa ba su ci nasara ba, sai suka zagayo Kabuga, suka fasa ta, suka shiga. Lugga, shugaban Turawan mulkin Arewa a lokacin, wanda ya iso daga baya, ya rubuta cewa bai taɓa ganin irin wannan bango a Afirka ba. Ya ƙidaya ƙofofi 13, ya ƙiyasta tsayin ganuwar daga ƙafa 30 zuwa 50. Na ƙara masa da cewa a wannan shekara ta 1903 ɗin ce layin dogo daga Sekondi ya iso Kumasi, jirgin ƙasa kuma ya isa Kano a 1911, daga nan goro ya koma bin teku da jirgin ƙasa, jakuna suka huta, hanyar da ta fita ta Kabuga ta daina ganin ayarin Gwanja. Sa'annan na faɗa masa gaskiyar abin da zai tarar idan ya je yau: sunan yana nan daram, har ya zama sunan unguwa guda da babbar mahaɗar tituna da 'yan adaidaita sahu ke kira daga safe har dare, amma abin da ake wucewa ta cikinsa faffaɗan titi ne da ya miƙe zuwa Gwarzo, ƙunƙuntar mashigar da kakansa ya kora jakuna ta ciki kuwa ba ita ake bi ba.

Bai nuna ɓacin rai ba. Ya ce tun da na zo da wannan magana, ya kamata in ga yadda mutanen nan suka yi da nasu tsofaffin gine-gine, ya kuma haɗa ni da jikansa, ɗalibi a jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, domin ya zagaya da ni.

Washegari muka shiga motar haya da ake kira torotoro zuwa Kejetia, muka haura da ƙafa zuwa Adum, inda tsohon sansanin sojan Turawa yake. Ginin dutse ne mai kusurwa huɗu, an shafe shi da jan fenti, da hasumiyoyi masu zagaye a kusurwoyi, da ƙananan tagogin bindiga a jere a jikin bango. A wannan gari Sarki Osei Bonsu ya gina wani gidan dutse da aka kammala a 1822, sojojin Ingila suka rushe shi a 1874 lokacin da suka ƙone Kumasi. Bayan sun dawo a 1896 sun kama Sarki Prempeh na Ɗaya, suka gina wannan sansani, aka gama shi a 1897. A watan Maris na 1900 Gwamna Hodgson ya zo ya nemi a kawo masa Kujerar Zinariya, wadda Ashanti suke ɗauka da tsarki, ya zauna a kai, abin da ya tunzura Ashanti suka ɗauki makamai ƙarƙashin Yaa Asantewaa, uwar sarautar Ejisu, suka yi wa sansanin ƙawanya. Gwamnan ya samu ya fice a watan Yuni, ya bar Turawa uku da sojoji sama da 100 a ciki, har rundunar ceto ta iso ranar 15 ga Yuli.

Na daɗe a bakin mashigar wannan sansani, domin tarihinmu ya ratsa ta nan ta hanyar da ba ta da daɗin ji. Sojojin da suka tsare wa Turawa wannan gini su ne waɗanda ake kira sojan Hausa, ko da yake ba dukkansu ne Hausawa ba, harshen ne ya haɗa su. Rundunar da ta zo ceto ta ƙunshi sojoji daga Arewacin Najeriya, na rundunar nan da bayan shekara uku ta tsaya a gaban badalar Kano. A lokacin ƙawanyar kuma, dubban mutane, fatake da mata da yara, sun taru a gindin bangon suna neman mafaka, aka bar su a waje, yunwa da cuta suka kashe da yawa daga cikinsu. Na ce wa saurayin nan ya lura da wannan bambanci. Ganuwar Kano an ja ta da faɗi ƙwarai, ta haɗa da gonaki da fadamu da duwatsun Dala da Gwauron Dutse, domin idan yaƙi ya taso mutanen karkara su shigo da iyalansu da dabbobinsu, a rufe ƙofa suna ciki. Wannan kuwa an gina shi domin tsirarun masu mulki, kuma ƙofarsa ta yi aikin da aka yi ta dominsa.

Duk da haka, sansanin yana tsaye lafiya, kuma dalilin bai ɓuya ba. Tun farkon shekarun 1950 aka mayar da shi gidan tarihin soja, yana hannun rundunar sojan Ghana, akwai mai shara, akwai mai fenti, akwai mai karɓar kuɗin shiga, akwai jagoran da zai bi da kai ɗaki ɗaki ya nuna maka makaman da aka kwaso daga yaƙin Habasha da na Bama. Mun tarar da 'yan makaranta cikin rigunansu iri ɗaya suna bin malaminsu a layi suna rubutu. Gini ne da yake da mai shi, yake kuma da aikin yi. Amma saurayin ya kawo wata hujja da na yarda da ita, ya ce, "Kawu, wannan dutse ne, ko an yi sakaci da shi shekara goma ba zai narke ba. Idan kana son abin da za ka gwada da badala, sai mu je Besease."

Besease tana kusa da Ejisu, a kan hanyar Akara. A nan akwai ɗaya daga cikin 'yan tsirarun gine-ginen gargajiya na Ashanti da suka tsira, waɗanda hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin kayan tarihi na duniya a 1980. Ɗakunan bautar gargajiya ne, ni kuwa ginin na je gani. Ɗakuna huɗu ne suke fuskantar tsakar gida, uku a buɗe, ɗaya a kange. An yi bangon da itace da gora aka shafe da ƙasa, ƙasansa ja ne mai sheƙi saboda gugar jar ƙasa, samansa fari, an yi masa zanen da ya taso daga jikin bango, na tsuntsaye da kada da layuka masu murɗewa. Na matsa kusa na ga sawun yatsu a inda aka sake shafe wani gefe bai daɗe ba, launinsa ya ɗan fi na kewayensa duhu. Abin da ya fi ba ni darasi shi ne rufin. Asalinsa jinka ce mai tsini ƙwarai, wadda ke zubar da ruwa da sauri ta kuma jefa shi nesa da bango. Da aka sauya wa irin waɗannan ɗakuna rufi da kwano mai kwanciya, ruwa ya riƙa dukan bango yana cin zanen, shi ya sa da aka zo gyaran na Besease aka mayar masa da rufinsa mai tsini.

A hanyarmu ta dawowa muka yi maganar masallacin Larabanga, can a ƙasar Gwanja, wanda ya fi kusa da irin gininmu. A shekarun 1970 an shafe shi da siminti da kyakkyawar niyya, don a huta da yaɓe. Simintin ya hana danshi fita, ƙasar ciki ta jiƙe, gara ta samu itacen, har wani sashe ya rushe. A farkon shekarun 2000 aka ɓamɓare simintin gaba ɗaya, aka koma yaɓen ƙasa, aka kuma dawo da gyaran shekara shekara a hannun mutanen garin. Maginanmu na Kano sun san wannan tun ba yau ba. Suna da makuba da ake samu daga kwasfar ɗorawa, suna da laso da ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, kuma dukkansu suna kare bango daga ruwa ba tare da sun toshe shi ba. Ilimin yana nan a kan 'yan dattawan da suka rage a zuriyar magina, sai dai aikin da zai sa matasa su koya ne ya yi ƙaranci.

Da dare na koma wurin dattijon na ba shi labarin abin da na gani, daga nan maganar ta koma kan abin da ya ci badalar Kano. A ra'ayina ba igwar Turawa ce ta ci ta ba, domin abin da igwa ta fasa kaɗan ne. Abin da ya ci ta shi ne daina gyara. A da, bayan damina ta ɗauke, akan raba bangon kashi kashi, masu unguwanni da dagatai su fito da mutanensu a yi gayya, a cike inda ruwa ya zaizaye. Da yaƙi ya ƙare, dalilin gayyar ya tafi, ruwan sama ya ci gaba da aikinsa ba mai mayar masa da martani. Sai masu neman ƙasar gini suka shiga ɗiba, aka mayar da wasu wuraren juji, aka cike kududdufai, aka yanka filaye har jikin bangon, wani wuri ma a kansa. Ta fuskar doka ba a bar ta a baya ba: an ayyana ta cikin kayan tarihi na ƙasa, tana ƙarƙashin kulawar hukumar gidajen tarihi ta Najeriya, kuma a 2007 an shigar da ita jerin wuraren da ake neman UNESCO ta amince da su. Amma duk wannan bai hana a rushe Ƙofar Na'isa a 2010 domin faɗaɗa titi ba, aka gina sabuwa a madadinta. Yawancin ƙofofin da baƙo zai gani yau irin wannan ne, na siminti da rodi, masu faɗin da manyan motoci za su wuce, an yi musu zankwaye da zane don su yi kama da na gargajiya.

Ba na cikin masu cewa kada a taɓa komai. Birnin da mutanensa suka kai miliyoyi ba zai rayu da mashigar jaki ba, kuma ko a zamanin Sarki Abdullahi Bayero an huda bango an yi Sabuwar Ƙofa saboda bukatar lokacin. Abin da nake ƙi shi ne a ce sai ta kan tsohuwar ƙofa titi zai bi. Ana iya huda bango a gefe, titi ya wuce, a bar tsohuwar a tsaye da azararta da kaurinta, masu ƙafa da masu keke su riƙa bi ta ciki, yara su san faɗinta da jikinsu. Ƙofar siminti tana riƙe suna, wannan ma wani abu ne, amma ba za ta nuna wa kowa yadda aka jera tubali ba, ko yadda aka gicciya azara ta ɗauki nauyin ƙasa shekaru aru aru, ko dalilin da ya sa igwa ta kasa ƙofar farko a 1903.

Dattijon ya saurare ni har na gama, sa'annan ya nuna huhunan goron da ke jingine a bayansa. Ya ce, "Ɗana, abin da kake faɗa shi ne aikinmu. Huhun goro ba a ɗaure shi a manta. Sai ka kwance, ka duba, ka fitar da mai sankara, ka sauya ganye, ka yayyafa ruwa, ka sake ɗaurewa, bayan 'yan kwanaki ka sake. Wanda ya yi haka zai sayar da daushe da daraja, wanda ya yi ƙyuya kuwa zai kwance ya tarar da gari." Daga nan ya tambaye ni ko har yanzu akwai sarakunan ƙofa. Na ce sarautar tana nan a gidajen da suka gada. Ya ce to ai ba a rasa mai shi ba, abin da aka rasa shi ne a ba shi aiki da abin yin aikin: a ce kowace ƙofa da bangon da ke kusa da ita suna wuyan sarkinta da masu unguwannin wurin, a ware musu kuɗin ƙasa da na magina da na abincin 'yan gayya duk shekara, kamar yadda Wambai Giwa ya yi. Ya ƙara da cewa idan aka kafa irin wannan asusu a bisa amana, ba mutanen Kano kaɗai za su sa hannu ba, domin a Kumasi da Akara da Tamale akwai gidaje da yawa da za su so a ce da kuɗinsu a yaɓen ƙofar da kakanninsu suka fito ta ciki. Na yarda da shi, domin na ga yadda mutanen zango suke haɗa kuɗi su gina masallaci da makarantar Islamiyya ba tare da jiran gwamnati ba.

Jikan nasa, wanda yake karatun zanen gine-gine, ya ce yana so ya zo Kano idan sun samu hutu, ya auna abin da ya rage ya zana shi a takarda, da faɗi da tsayi da kauri, domin ko gyara za a yi nan gaba sai da irin wannan awo. Na ba shi shawarar ya zo da rani, lokacin da ciyawa ta bushe ana ganin jikin bango sosai. Na ce ya fara da Gidan Makama, daura da fadar Sarki, inda aka adana wasu daga cikin tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni, ya dubi ƙusoshin da yadda aka haɗa farantan ƙarfen. Daga nan ya hau Dala ya ga yadda birnin ya shimfiɗu, sa'annan ya bi titin da ya tashi daga Ɗan'agundi ya wuce Na'isa da Gadon Ƙaya da Dukawuya har Kabuga, da ƙafa, yana tsayawa duk inda ya ga tudun jar ƙasa a bayan shaguna. Na kuma yi masa alkawarin zan nema masa iso wurin dattawan magina da gidan sarautar ƙofar kafin ya iso, kakansa kuwa ya ce shi zai biya kuɗin mota, ya kuma haɗa shi da goron gaisuwa da zai kai musu.